Ciwon dajin hanji a Koriya ta Kudu: ina laifin gado, ina na abinci?

Ƙasar Koriya ta Kudu, can gabashin nahiyar Asiya, ta yi suna wajen ƙera waya da mota. Da yawa cikin masu saurarenmu Samsung ce a aljihunsu, wasu kuma sun sha shiga Hyundai ko Kia. To amma akwai wani fannin da ƙasar ta shiga gaba ba da son ranta ba, shi ne ciwon dajin babban hanji da dubura, wanda wasu ke ce ma kansar hanji.

A ƙididdigar shekarar 2012 ta cibiyar binciken kansa ta hukumar lafiya ta duniya OMS, wadda ke birnin Lyon na Faransa, Koriya ta Kudu ce ta zo ta ɗaya a duniya, da kimanin mutum 45 cikin kowane 100,000 da ke kamuwa a shekara. A ta 2018 ta zo ta biyu, bayan ƙasar Hangari. Wani bincike da ya fito a 2019, wanda ya kwatanta ƙasashe 42, ya nuna ko a tsakanin ƴan shekara 20 zuwa 49 Koriya ce kan gaba, da kusan mutum 13 cikin 100,000. A ƙasar mai mutane miliyon 51, sama da mutum 30,000 ake gano ma ciwon kowace shekara.

Shi ya sa likitocin can suka daɗe suna tambayar kansu: a jininmu abin yake, ko a kwanon abincinmu? Amsar da suka samu cikin shekaru 30 na bincike ta shafi duk gidan da aka taɓa rasa wani sanadin ciwon ciki da aka kasa gane kansa.

Yadda ciwon ke somawa

Babban hanji shi ne zangon ƙarshe na abinci a cikin mutum. Tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi. Nan jiki ke tsotse ruwa, sauran kuma ya zama bayan gida. Ciwon ba ya faɗowa rana ɗaya. Galibi wani ɗan tsiro ne ke fitowa a jikin hanjin daga ciki, likitoci na ce mishi polip. Ba ya zafi, ba ya hana cin abinci. Mafi yawan waɗannan tsiro ba su zama komai, amma wasu sukan rikiɗe su zama kansa, kuma rikiɗar kan ɗauki wajen shekara 10. Ku riƙe wannan lissafi na shekara 10, domin cikinsa ne damar tsira take.

Littafin da kowa ya gada

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana, kuma cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da ake kira ADN da Faransanci, DNA da Ingilishi. Haruffansa iri huɗu ne kawai, amma jerinsu ya kai miliyar 3. Kwafi biyu ne na wannan jeri, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. A cikin rubutun akwai babi-babi wajen 20,000, su ne ƙwayoyin gado, kowanne da aikin da yake umartar jiki ya yi.

In ka ɗauki Bakoriye daga Seoul da Bagobiri daga Tibiri ka jera rubutunsu, kashi 99.9 cikin 100 iri ɗaya ne. Ɗan abin da ya rage shi ke kawo bambancin tsawo da launi, da kuma yadda wani ke saurin kamuwa da wata cuta fiye da wani. A kan kansar hanji, bambancin nan kashi biyu ne: akwai manyan kurakurai da ba su da yawa cikin jama'a amma suna da ƙarfi, akwai kuma ƙananan canje-canje da kowa ke ɗauke da wasunsu.

Manyan kurakurai: ciwon da ke bin gida

Na farko ya shafi wata ƙwayar gado mai suna APC, wadda aka gano a 1991. Aikinta kamar birki ne: tana hana ƙwayoyin hanji yin yawa fiye da kima. Wanda ya gaji APC marar aiki, tun yana saurayi hanjinsa ke cika da tsiro ɗaruruwa, wani har dubbai. In ba a yi mishi aiki ba, kusan tabbas ne ɗayansu ya zama kansa wajen shekara 40. Sai dai masu irin wannan ba su kai ko ɗaya cikin 100 na masu kansar hanji ba.

Na biyu shi ake kira ciwon Lynch, da sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya yi bayaninsa a 1966. Kullum ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafi rubutun nan gaba ɗaya, kamar ɗan lakwal mai kwafin darasi daga allo. Dole a samu kuskure nan da can. Jiki yana da masu bin sawu suna gyara, su ne MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. In mutum ya gaji ɗayansu a lalace, kuskure sai ya yi ta taruwa. Kusan rabin masu lalatacciyar MLH1 na kamuwa da kansar hanji a rayuwarsu, alhali ga sauran jama'a, ko a ƙasashen da ciwon ya yi yawa, kamar mutum ɗaya ne cikin 20. Matan da suka gaje shi kuma suna cikin haɗarin kansar mahaifa. Ciwon Lynch ne sanadin kimanin 3 cikin 100 na kansar hanji.

A nan akwai bambanci da amosanin jini da muka sani. Shi amosanin jini sai uba da uwa duk sun ba yaro kafin ya kwanta ciwo. Shi kuwa Lynch, ɓangare ɗaya ya isa. In uba na da shi ko uwa, kowane ɗa, namiji ko mace, yana da rabin yiwuwar ɗauka.

Tun farkon shekarun 1990, wani likitan fiɗa na jami'ar ƙasa ta Seoul, Park Jae-gahb, ya soma rijistar iyalan da ciwon ke bi. Shi ne daga baya ya zama shugaban farko na cibiyar kansa ta ƙasar, wadda aka kafa a shekarar 2000 a garin Goyang. Daga wannan rijista aka gano abubuwa biyu. Na ɗaya, wani kuskure guda, harafi ɗaya tak da ya ƙaru cikin MLH1, ya bayyana a gidaje da dama da ba su san suna da dangantaka ba. Da aka bi sawu, sai alamu suka nuna kakansu ɗaya ne can baya. Abin lura kuma, Koriya ƙasa ce da dokarta ta daɗe tana hana aure tsakanin masu sunan gida ɗaya da asali ɗaya, sai a 1997 kotun tsarin mulki ta ce dokar ta saɓa ma kundin ƙasa. Ke nan irin wannan gado ba ya buƙatar auren zumunta kafin ya yaɗu.

Na biyu, a iyalan Lynch na Koriya ana yawan samun kansar tumbi, domin dama ciwon tumbi ya yi yawa a ƙasar. Shi ya sa likitocin can ke leƙa tumbin waɗannan iyalai, ba hanji kaɗai ba. Kuskuren iri ɗaya ne da na Turawa, amma inda yake fi cizo ya danganta da ƙasar da mutum ke zaune.

Ƙananan canje-canje masu yawa

Manyan kurakuran nan duka ba su wuce kamar 5 cikin 100 na masu ciwon ba. Amma wani bincike da aka yi kan tagwaye sama da 44,000 bibbiyu a Suwidin, Danmak da Finlan, wanda ya fito a shekarar 2000, ya ƙiyasta cewa gado na da hannu a wajen kashi 35 cikin 100 na bambancin haɗarin kansar hanji tsakanin mutane. To ina sauran ya ɓuya?

Domin neman sa, masana sukan ɗebi jinin dubban masu ciwon da dubban masu lafiya, su kwatanta rubutunsu wuri-wuri. A 2007 aka gano wani wuri da ake kira 8q24, inda harafi ɗaya ke ƙara haɗari da kamar kashi 20 cikin 100. Amma binciken farko duk kan Turawa aka yi su. Sai masana daga Koriya, Japan da Sin suka haɗa kai da jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka duba mutanen gabashin Asiya. A 2013 suka gano sababbin wurare 3, a 2014 suka ƙara 6. A 2023 wani babban bincike da ya haɗa masu ciwon sama da 100,000, Turawa da mutanen gabashin Asiya, ya kai lissafin zuwa alamomi 205.

Ita ma gwamnatin Koriya ba ta zauna ba. Tun 2001 ta soma wani dogon bincike mai suna KoGES daga garuruwan Ansan da Ansung, wanda daga baya ya haɗa mutane sama da 200,000 ana bin lafiyarsu. Cibiyar lafiyar ƙasar ta kuma ƙera na'urar awon gado ta musamman ga Koriyawa, mai duba wurare sama da 800,000, saboda waɗanda aka ƙera domin Turawa suna tsallake wasu alamomin da ke jinin mutanenta.

Kowace ɗaya cikin waɗannan alamomi ƙaramin kaya ce, kamar tiya ɗaya ta hatsi a kan jaki. Tiya ɗaya ba ta komai. Wanda aka ɗora ma da yawa shi ne ke jin nauyi. Masana na tara su su fitar da maki, domin a san wanda ya kamata a soma auna shi da wuri.

Akwai wani abin mamaki game da harafin nan na 8q24. Wajen rabin kwafin da ke jinin Turawa irin mai haɗarin ne. A gabashin Asiya bai kai haka ba, kamar ɗaya ne cikin uku. A jinin mutanen Afirka ta Yamma kuwa kusan kowa na ɗauke da shi. Da a ce harafin ne kaɗai ke yanke hukunci, da mu ne kan gaba, Koriya na baya. Amma lissafin asibitoci ba haka ya nuna ba.

Giya da jan fuska

Wani bambancin da ya keɓanta da gabashin Asiya ya shafi giya. In mutum ya sha, hanta kan juya ta zuwa wani sinadari mai guba, asetaldehid, sannan wata ƙwayar gado mai suna ALDH2 ta sa a kashe gubar. Kusan mutum ɗaya cikin uku a Koriya, Japan da Sin sun gaji ALDH2 mai rauni. Da sun kurɓa kaɗan sai fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, ga tashin zuciya.

Za ka zaci masu wannan rauni su ne kansar hanji za ta fi kamawa. Binciken da aka yi a Koriya ya nuna akasin haka ga maza: masu raunin sun ɗan fi tsira. Ga mata ba a ga bambanci ba. Bayanin da masana suka bayar shi ne, tunda giyar na wahalar da su, da yawansu ba su sha ko kaɗan suke sha, su kuwa mata dama shansu bai kai na maza ba. Amma wanda ke da raunin ya kuma nace ma sha, haɗarin kansar maƙoshi na ninkuwa gare shi. Gado ɗaya ke nan, ya kare wani, ya cuci wani, gwargwadon halin kowa.

Haka ma wata ƙwayar mai suna MTHFR, mai sarrafa bitamin folat da ke cikin ganye da wake. Wani nau'inta da ya yawaita a Koriya, wanda kuma bai cika samuwa a Afirka ta Yamma ba, yana ɗan rage haɗari, musamman ga mai cin ganye da ba ya yawan shan giya.

Iri bai canja ba, gona ce ta canja

Duk manomi ya san iri ɗaya za ka shuka a jigawa da fadama, ka samu amfani daban. Jinin Koriyawa na yau shi ne na kakanninsu, gado ba ya canjawa cikin shekara 50. Amma a da kansar hanji ba ta da yawa a ƙasar. Daga 1999, lokacin da aka soma lissafin ƙasa baki ɗaya, ta yi ta hawa da kamar kashi 5 cikin 100 kowace shekara har wajejen 2011.

Abin da ya canja shi ne rayuwa. A 1970 Bakoriye kan ci shinkafa wajen kilo 136 a shekara, nama kuwa kilo 5 kacal. A 2022 nama ya kai wajen kilo 58, shinkafa ta sauko ƙasa da kilo 57. Gasasshen naman alade da giyar soju bayan tashi daga aiki sun zama al'ada. Mutane sun bar gona sun koma zaman ofis da mota, ƙiba ta ƙaru, ga taba sigari a tsakanin maza. Sannan mutane na daɗewa a duniya fiye da da, shi kuwa wannan ciwo ya fi kama manya. Wani ɓangare na hawan kuma daga yawan awo ne, domin abin da ba a nema ba, ba a ganinsa.

An taɓa ganin irin haka ga Japanawan da suka yi ƙaura zuwa tsibirin Hawai na Amurka. Cikin zuriya ɗaya ko biyu, kansar hanji a tsakaninsu ta kamo ta Turawan wurin.

A 2015 cibiyar Lyon ta sa naman da aka sarrafa, wato wanda aka adana da gishiri, hayaƙi ko sinadari, cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji. Ta ce cin giram 50 kowace rana na ƙara haɗari da wajen kashi 18 cikin 100. Naman gwangwani da sosis suna ciki, haka ma busasshen nama mai gishiri dangin kilishi. Ana maganar mai ci kullum ne shekara da shekaru, ba tsarabar da aka kawo sau ɗaya a wata ba.

Abin da Koriya ta yi

Tun 2004 ƙasar ta sa kansar hanji cikin shirinta na awon jama'a. Duk wanda ya kai shekara 50 ana kiransa kowace shekara ya kawo ɗan bayan gida a duba ko da jinin da ido ba ya gani. In an samu, sai a yi mishi awon da ake zura siririn tiyo mai kyamara ta dubura, kolonoskopi ke nan. In an ga tsiro, nan take ake cire shi kafin ya rikiɗe. Su kuma iyalan Lynch, tun daga shekara 20 zuwa 25 ake soma yi musu wannan awo, duk shekara ɗaya ko biyu.

Daga wajejen 2012 yawan kamuwa, in an yi la'akari da shekaru, ya soma sauka. A farkon shekarun 1990, kaɗan suka haura rabi na masu ciwon da ke kaiwa shekara 5 bayan an gano shi. Yanzu sun haura 7 cikin 10. Ba su canja jininsu ba, gano ciwon da wuri suka yi.

To mu fa?

Makin gadon da aka auna kan Koriyawa ko Turawa ba ya aiki daidai a kanmu. Kusan 8 cikin 10 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu Turawa ne, ƴan asalin Afirka ba su wuce 2 ko 3 cikin 100 ba, alhali Afirka ce ta fi ko'ina bambancin gado. Wani bincike da likitocin jami'ar Ile-Ife ta Najeriya suka yi da abokansu na New York, wanda ya fito a 2021, ya nuna kansar hanjin marasa lafiyarsu ta sha bamban da ta Amurkawa: lalacewar masu gyaran rubutu ta fi yawa, ta APC kuma ta fi ƙaranci, kuma galibi sun zo asibiti ciwon ya riga ya yi nisa. Saboda haka ƴan uwa mazauna ƙetare, in kun ga tallar awon gado a intanet, ku san sakamakonsa ba ya maye gurbin ganin likita.

Awon da kowa ke iya yi ba tare da ko dala ba shi ne tarihin gida. Likitoci na da lissafi mai sauƙi: uku, biyu, ɗaya. In mutum uku na jini ɗaya sun yi kansar hanji ko ta mahaifa, a zuriya biyu a jere, kuma ɗayansu bai kai shekara 50 ba, to a yi zaton ciwon Lynch. Ko da mutum ɗaya ne, uba, uwa, wa, ƙane ko ɗa, haɗarinka ya ninka kamar sau biyu. Shawarar likitoci ita ce ka soma awo a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ma ɗan uwan naka. Ɓoye irin wannan labari domin gudun kada a ƙi auren ɗiyan gidan, hana su damar shekara 10 ɗin nan ne. Tsofaffin gida, musamman iyaye mata da gwaggonni, su suka san wanda ya rasu da wane irin ciwo. A tambaye su tun suna nan.

Ga alamomin da bai kamata a yi wasa da su ba: jini a bayan gida ko ya yi baƙi ƙirin; canjin yanayin fita, zawo ko taurin ciki, da ya wuce ƴan makwanni; jin kamar ba a gama ba bayan an fita; ciwon ciki da ba ya wucewa; rama ba dalili; ƙarancin jini da kasala. A wurinmu kusan duk jinin da ya fito ta ƙasa basir ake ce mishi, a sayi jiƙo a kasuwa a yi ta sha wata da watanni. Gaskiya ne basir na sa jini, haka atuni da tsutsar ciki, kuma galibi su ɗin ne. Amma daga waje ba a bambance su da kansa, sai an duba. In abin ya daɗe ko yana dawowa, a je CSI mafi kusa, a gaya ma ma'aikacin lafiya komai har da tarihin gida, a nemi takardar zuwa babban asibiti. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, CNLC, wadda ta soma gashin kansa da na'ura a 2021.

Waɗanda ke Faransa, daga shekara 50 zuwa 74 ana aiko muku gayyatar awon bayan gida duk shekara biyu, kada ku jefar da takardar. A Amurka tun 2021 an sauko da shekarun somawa zuwa 45. Ku kuma da ke aiko kuɗin magani gida, in an ce muku baba ko inna na fama da basir mai jini, ku tambaya ko likita ya duba, kafin a sake sayen wani jiƙon.

Abinci kuwa, hatsi da dawa da ba a surfe su sun yi fari tas ba, wake, zogale, yakuwa da sauran ganye, su ne irin cimar da bincike ya nuna tana rage haɗarin kansar hanji, tare da motsa jiki da nisantar giya da taba. Koriyawa sun bar tasu cimar ta gargajiya cikin ƙasa da shekara 50, suka ga abin da ya biyo baya. A biranenmu ma farar shinkafa, taliya, kayan gwangwani da zaman wuri ɗaya na ƙara samun wuri. Wanda tuwon hatsi da miyar ganye ke kwanonsa, kada ya raina su.